Batir Ya Mutu, But Ya Ƙi Buɗuwa: Tambayoyin da Masu Mota a Bauchi Ke Yawan Yi

Wanda ya tuƙa Peugeot 504 ko 505 bai san wannan matsalar ba. Makulli ɗaya ne, ka zura shi a but ka murɗa, ko da batir ko babu. Motocin da suka cika titunan Bauchi yanzu, daga 'yan Kwatano zuwa waɗanda ake saukewa a Legas, da yawansu sai ka danna wani maɓallin roba a saman lamba kafin ƙofar baya ta saki. Ranar da batir ya kwanta, maɓallin nan ba ya da wani amfani, kuma sau da yawa wayar jona batir da jek da safaya duk suna can ciki a kulle. Ga tambayoyin da aka fi kawo wa masu gyaran wayar mota a kan wannan, da amsoshinsu. Abin da nake so kowa ya riƙe tun daga farko shi ne, kusan kowace mota tana da hanyar buɗe but ba tare da an ɓalle ko an fasa komai ba.

Malam, me ya haɗa batir da but? Ai ƙofa ce kawai.

A tsofaffin motoci, wayar ƙarfe ce ke tafiya daga hannun da ke gefen kujerar direba har zuwa sakatar but, ka ja ta saki. A sababbi, musamman jif-jif da masu ƙofar baya mai ɗagawa sama, an sa wani ƙaramin inji a jikin sakatar, kuma shi ke janye ƙugiyar idan wuta ta iso masa. Lafiyayyen batir yana nuna bolt 12.6 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta) idan mota na kashe. Idan ya yi ƙasa sosai, kwamfutar motar ba ta ma farkawa balle ta ba injin nan umarni. Sakatar lafiyarta lau, wuta ce kawai babu.

Ko ƙofar direba ma ta ƙi buɗuwa da rimot. Ta ina zan fara?

Duba rimot ɗin da ke hannunka da kyau. A gefensa ko bayansa akwai wani ɗan madanni, idan ka tura shi za ka zaro siririn makullin ƙarfe. Mutane da yawa sun yi shekaru da mota ba su taɓa zaro shi ba. Wannan makullin yana buɗe ƙofar direba. Idan ba ka ga ramin makulli a hannun ƙofar ba, yana ɓoye ne a ƙarƙashin wani murfin roba a ƙarshen hannun, kamar yadda ake yi a motocin Volkswagen da dama. A ƙasan murfin akwai ɗan tsagi, ka sa bakin makullin a ciki ka ɗaga a hankali, zai fita.

Kafin nan, ka tabbatar wane batir ne ya mutu. Rimot ma yana da nasa, ɗan fai-fai mai kama da kwabo, galibi mai lamba CR2032. Idan ka buɗe ƙofa fitilar ciki ta kama da haske sosai, hon kuma ya yi kuka da ƙarfinsa, to batirin mota na nan da ransa, na rimot ne ya ƙare. A irin wannan hali ka kara rimot ɗin a jikin maɓallin tayar da mota ka danna, yawancinsu za su tashi.

Na zura makullin amma ya ƙi juyawa.

Abu biyu ne ke jawo haka. Na farko ƙura da tsatsa. Ramin da bai ga makulli ba tsawon shekaru, ya sha ƙurar hunturu ya sha ruwan damina, dole ya cije. A fesa masa man sassauta tsatsa irin WD-40, a jira kaɗan, a riƙa zura makullin ana zarewa, ana motsa shi hagu da dama a hankali. Kada a kama shi da filaya a murɗa da ƙarfi, siriri ne, idan ya karye a ciki aikin ya ninku.

Na biyun ya fi ciwo, kuma ya yi yawa a motocin da aka saya na hannu: makullin ba na ƙofar ba ne. Wani lokaci an sauya rimot a hanya, aka saita sabon da kwamfutar motar, amma ba a yanka ƙarfen cikinsa daidai da ramin ƙofa ba. Mai mota ba zai sani ba sai ranar da ya buƙace shi. Shi ya sa duk wanda zai sayi mota, ina roƙonsa ya zaro wannan makullin a gaban dillali ya gwada shi a ƙofa kafin ya biya kuɗi. Idan an riga an shiga halin, sai a kira mai yankan makullin mota, kuma a tanadi takardun motar don zai iya neman ganinsu, yana da gaskiya kuwa.

Na shiga cikin motar. Wace hanya ce mafi sauƙi ta buɗe but ɗin?

A ba motar wuta. Hannun buɗe bonet na wayar ƙarfe ne a kusan duk motocin da muke hawa, ba ruwansa da batir. Idan batirinka a gaba yake, sai a kawo wata mota kusa, ba tare da jikinsu ya taɓa juna ba, a jona kamar haka: jar waya a kan ƙarfen batirinka mai alamar tarawa (+), ɗaya bakinta a kan mai alamar tarawa na batirin lafiya. Baƙar waya a kan mai alamar ɗebewa (-) na batirin lafiya, ɗaya bakinta kuma a jikin wani ƙarfe na injin motarka wanda ba fenti, nesa kaɗan da batir. Dalilin nisantar shi ne batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta, kuma haɗin ƙarshe shi ke yin tartsatsi. Da zarar an jona, ba sai an tayar da inji ba, ka je ka danna maɓallin but zai buɗe. Wajen cirewa a fara da wadda aka sa a ƙarshe.

A kula da alamomin nan ƙwarai. Juya waya na ɗan lokaci kaɗan ya isa ya ƙone babban fis, ya lalata altaneta mai yi wa batir caji, wani lokacin har da kwamfutar motar. Idan dare ne a haska tocila a ga alamar da ido, kada a dogara da launin waya, don an sha ganin motar da wani ya sauya mata wayoyin kan batir da launin da ya samu.

To ni batirin nawa a cikin but ɗin yake. Yaya ke nan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi tayar wa mutane hankali, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Yawancin BMW batirinsu a but yake. Haka Mercedes E-Class ta shekarun 2003 zuwa 2009, da Audi A4 daga 2008, da Toyota Prius ta 2004 zuwa 2015, da Camry mai haɗin fetur da lantarki ta 2007 zuwa 2017. Mutum ya buɗe bonet bai ga batir ba, ya koma baya but a kulle, sai ya ɗauka babu mafita.

Masu ƙera motar sun san wannan rana za ta zo. A yawancin irin waɗannan motocin sun ajiye wurin jona wuta a ƙarƙashin bonet. A BMW, nemi wani jan murfin roba mai alamar tarawa a gefen injin, idan ka ɗaga shi za ka ga ƙarfen da ake maƙala jar waya, kuma kusa da shi akwai wani ƙusa mai kauri a jikin mota na baƙar waya. A Prius, buɗe akwatin fis da ke ƙarƙashin bonet, a ciki akwai ɗan jan murfi, ƙarfen yana ƙarƙashinsa. Wannan ƙarfen a haɗe yake da batirin da ke baya, don haka wutar da ka ba shi a gaba za ta zagaya motar duka. Ka jona, ka danna, but ya buɗe.

Kafin ma a kai ga haka, masu Mercedes salun su leƙa saman lambar baya, kusa da inda ake sa hannu a ɗaga but. Da yawansu suna da ramin makulli a wajen, kuma makullin ƙarfen da ke cikin rimot yana buɗe shi.

Gargaɗi ga masu Prius da sauran motoci masu haɗin fetur da lantarki: duk wayar da ka gani mai ruwan lemo, kada ka taɓa ta, kada ka bari yaron gareji ya taɓa ta. Ta babban batir ce, wutarta tana iya haura bolt 200, tana kisa. Ƙaramin batir mai bolt 12 kaɗai ne abin da muke magana a kai.

Akwai kuma motocin da batirinsu ba ya gaba ba ya baya, yana ƙarƙashin kujera, kamar Volkswagen Touareg da Mercedes ML ta 2006 zuwa 2011. Su ma suna da wurin jonawa a ƙarƙashin bonet, ba sai an kwance kujera ba.

Ina kan hanyar Yankari, bayan Dindima, babu wata mota kusa. Batirin babur zai yi?

Don buɗe but, zai yi. Batirin babur mai bolt 12 ba zai iya juya injin jif ba, amma sakatar but ba ta cin wuta mai yawa. A kashe fitilu da rediyo da fanka tukuna, a jona, a ba shi ɗan lokaci, sannan a danna maɓallin, don mataccen batirin zai riƙa zuƙe wani kaso na wutar. Batirin Keke Napep ya fi shi ƙarfi. Batirin sola ko na inbata ma zai yi, muddin guda ɗaya ne mai bolt 12, an raba shi da 'yan'uwansa.

Abin da ba a yarda da shi ba shi ne wutar tirela ko tifa. Manyan motoci batir biyu suke haɗawa su ba da bolt 24. Direban babbar mota zai tsaya da kyakkyawar niyya ya ce, "Alhaji, kawo mu jona maka," amma idan aka ɗauko wutar daga haɗin biyun, kayan lantarkin ƙaramar mota ba za su jure ba. In dai dole ne, a jona a kan batir ɗaya tak daga cikin biyun, kuma wanda ya san aikin ya yi.

Babu batirin aro ko ɗaya. Jif ce, ko Sienna. Akwai dabara?

Akwai, ta ciki. A kwantar da kujerun baya, mutum ya rarrafa zuwa wurin kaya da tocila da sukundireba mai faffaɗan baki. A jikin ƙofar bayan daga ciki, can ƙasa a tsakiya, daidai saitin sakata, za a ga wani ɗan murfin roba mai kusurwa huɗu ko zagayayye. A naɗe bakin sukundireban da tsumma, a ɓamɓare murfin. A bayansa akwai ɗan ƙaramin hannu na ƙarfe ko na roba a jikin sakatar. A tura shi gefe, a lokaci guda a tura ƙofar waje da kafaɗa ko wani ya ɗaga ta daga waje. Toyota ta yi wannan tanadi a RAV4 da Highlander da Prius, Honda ma ta yi a CR-V, kuma littafin da ke zuwa da motar yana nuna hoton wurin. A wasu akwai murfi na biyu a ciki mai ɗaure da sukuru, sai an kwance shi.

Ƙofar tana da nauyi fiye da yadda ake zato, musamman mai ɗaga kanta da lantarki. A ɗaga ta a hankali, kada a fizge ta, kuma idan sandunan da ke riƙe ta sun gaji, wani ya tallafe ta kada ta faɗo wa mai ɗebo kaya a ka.

Tawa salun ce, Corolla ko Camry ko Accord.

Taka ta fi sauƙi. Yawancin waɗannan suna da hannun ja a ƙasa, gefen kujerar direba, kuma na wayar ƙarfe ne. Tsofaffin kuma suna da ramin makulli a jikin but. Idan ka ja hannun bai saki ba, mai yiwuwa an kulle shi ne: a wasu Toyota, idan aka juya makulli a ramin but aka zare shi a kwance, hannun ciki ya daina aiki har sai an mayar. A Accord kuma hannun kansa yana da ramin makulli a gefensa.

Idan duk wannan bai yi ba, a gwada kwantar da kujerar baya. A wasu motocin madannin yana saman kujerar, a wasu kuma abin jan yana cikin but ɗin ne, nan sai dai a bi ta ƙaramar ƙofar da ke bayan matashin hannu na tsakiya, in akwai. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga samfurin 2002 zuwa yau, dokar ƙasar ta wajabta a sa mata abin buɗe but daga ciki, galibi wani hannun roba ne mai haske a duhu da ke rataye kusa da sakata. Da doguwar sanda mai ƙugiya ana iya jawo shi. Motar da ta fito daga Turai ba lalle ne tana da shi ba.

An ce ana iya ba mota wuta ta ramin cajin waya.

A yawancin Toyota da Honda ramin nan ba ya haɗuwa da batir sai an murɗa makulli, don haka wutar ba za ta wuce ba. A motar da ramin ke da wuta kullum yana iya yi, amma fis ɗinsa ƙarami ne, ko kusa kada a gwada tayar da inji ta nan. Idan bonet ma ya ƙi buɗuwa, mai gyaran waya yana iya shiga ƙarƙashin mota ya jona a kan babbar wayar kik ko ta altaneta. Wannan aikinsa ne, ba na mai mota ba.

In sa ƙarfe in ɓalle shi mana, ko in fasa gilashi?

A'a, don Allah. Sakatar but an yi ta ne ta riƙe ko a lokacin hatsari, kafin ta saki sai bakin ƙofar ya lanƙwashe. Daga nan sai mai gyaran jiki, sai fenta, kuma ko an gyara da wuya robar ta sake zama daidai. Ruwan watan Agusta zai riƙa tsiyaya ciki, ƙurar hanyar Ningi ko ta Darazo ta cika kaya. Gilashin baya kuma yana da wayoyin ɗumama a jikinsa, ya fi na ƙofa tsada da wuyar samu. A salun ma, fasa gilashi ba ya kai ka cikin but.

Idan yaro ne ya kulle kansa a ciki fa?

Nan duk abin da na faɗa a sama game da gilashi ya tashi. A zafin Maris da Afrilu na Bauchi, lokacin da rana ke kaiwa digiri 40, cikin motar da ke kulle yana wuce haka nesa cikin mintuna kaɗan, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Idan makullin ƙarfe bai buɗe nan take ba, a fasa gilashin ƙofar da ya fi nesa da yaron, a buga a kusurwa da abu mai tsini, don tsakiyar gilashi ta fi tauri. Idan a but yake, a riƙa yi masa magana, a ce ya nemi abin da ke haske ya ja, wasu kuma su shiga ta kujerar baya. Wani ya kira 112, ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra idan a kan hanya ne. Bayan an fito da shi a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a wuce asibiti ko da ya ce lafiyarsa lau.

Iyaye mata da maza, tsohuwar motar da aka jingine a ƙofar gida ko a cikin gida ita ce ta fi haɗari, don yara suna wasan ɓuya a ciki kuma ba wanda zai yi tunanin duba ta. A kulle ta, a ɗauke makullin daga inda hannunsu ke kaiwa.

An cire batirin an kai caji, sai wani ya rufe but ɗin. A jona ta gaba?

A dakata tukuna. Batirin ba ya nan, ke nan kan wayarsa mai alamar tarawa yana yashe a cikin but. Idan yana taɓa ƙarfen jikin mota, kana jona wuta ta gaba za ta zuba kai tsaye a jikin motar, waya za ta yi zafi, fis ya tashi, har gobara tana yiwuwa. A irin wannan hali a fara gwada makullin ƙarfe da hanyar ciki. Idan ba su yi ba, a bar wa mai gyaran waya, shi zai auna da mita ya ga ko wayar na taɓa jiki kafin ya ba da wuta.

Maganin abin tun farko: duk lokacin da za a cire batirin da ke but, a naɗe kan wayar da tsumma ko leda, a kuma ɗora tsumma mai kauri a kan sakatar yadda ko an saki ƙofar ba za ta kama ba.

An jona wuta, mota ma ta tashi, amma but bai buɗe ba.

Kasa kunne lokacin da wani ke danna maɓallin. Idan ka ji ɗan ƙara a cikin ƙofar amma ba ta saki ba, kaya ne suka danne ta daga ciki, ko sakatar ta cije. A danna ƙofar ciki da tafin hannu yayin da ake latsa maɓallin. Idan shiru ne, a fara buɗe dukkan ƙofofi da madannin direba, don wasu motocin ba sa sakin but sai an buɗe sauran. A duba akwatin ajiyar takardu na gaban fasinja, wasu suna da makunnin kashe but a ciki. Bayan nan sai fis, sai maɓallin robar kansa wanda rana ke narkarwa, sai wayoyin da ke bi ta cikin robar da ke haɗa ƙofa da jikin mota, waɗanda ke karyewa saboda yawan buɗewa da rufewa.

Bayan an sa sabon batir ƙofar ta daina ɗaga kanta.

Ta manta iyakarta ne. A yawancinsu idan aka rufe ta da hannu har ta kama sosai, za ta dawo daidai. Gilasan ƙofa ma haka: a sauke har ƙasa, a ɗaga har sama, a riƙe madannin na 'yan daƙiƙu. Rediyon wasu Honda zai nemi lambar sirri.

Me ke kashe batirin tun asali? Kuma zan tafi aikin Hajji, motar za ta daɗe a ajiye.

Zafi ne ke cin batir a ƙasarmu, sanyin safiyar Disamba da Janairu kuma shi ke tona asirinsa. Bayan zafi akwai abubuwan da ke shan wuta mota na kashe: fitilar but da ba ta mutuwa saboda ƙofar ba ta kama sosai ba, na'urar bin sawun mota, rediyo mai allo ko amfilifaya da aka jona kai tsaye a kan batir. Gajerun tafiye-tafiye, daga Yelwa zuwa Wunti a kashe, daga Wunti zuwa Muda Lawal a kashe, su ma ba sa barin altaneta ta mayar da abin da kik ya ci. A sa mai gyaran waya ya auna: inji na aiki ya kamata mita ta nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4 ko kusa da haka.

Wata al'ada da ya kamata a daina ita ce tayar da mota da batirin aro, sannan a cire shi inji na aiki a mayar da mataccen. A lokacin da babu batir a jiki, wutar altaneta tana iya yin tsalle ta ƙone kwamfuta. Motar da ke da otomatik kuma ba a tayar da ita da turi.

Wanda batirinsa ke but, idan zai sayi sabo, ya tabbatar an mayar masa da siririyar robar da ke fitar da iskar batir zuwa waje, ya kuma duba ramin da batirin ke zaune ko ruwa na taruwa a ciki. Sababbin BMW suna buƙatar a sanar da kwamfutarsu cewa an sa sabon batir, in ba haka ba cajin ba zai tafi daidai ba.

Game da tafiya, Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya. Zaɓi biyu ne. Ko a bar makulli wurin amintaccen mutum ya riƙa fita da motar sau ɗaya a mako ya yi tafiyar kamar rabin awa, don tayarwa a tsaye na minti biyar ba ya cika batir. Ko kuma a cire wayar batir mai alamar ɗebewa. Idan za a cire, a fara gwada makullin ƙarfe a ƙofar direba a tabbatar yana juyawa, a buɗe bonet a ga inda jan murfin yake, sannan a ɗauke wayar jona batir daga but a ajiye ta a ƙarƙashin kujerar gaba.